Kwafin Farko

Idan mutum ya shiga jami'ar ta ƙaramar ƙofa, wadda masu tafiya a ƙasa suke bi, ya bar ɗakin masu gadi a hannun dama, zai tarar da jerin shaguna shida masu rufin kwano. Na huɗu shi ne na Baba Kwafi. Faɗinsa bai wuce mutum ya miƙe hannuwansa biyu ba. A ciki akwai injin kwafi mai ruwan toka, da benci ɗaya, da fanka wadda sai ta ga dama take juyawa, da kwalin da ake zuba takardun da suka ɓaci. Shekara ashirin da biyu ke nan yana wurin. Ɗalibai ba su san sunansa na yanka ba, shi ma bai taɓa damuwa ya faɗa musu ba.

Karatunsa bai yi nisa ba. Yana aji huɗu na firamare mahaifinsa ya rasu, ya ajiye jaka ya shiga neman na kai. Ya yi dako, ya yi wankin mota, daga baya wani maƙwabcinsu ya samo masa aikin masinja a ofishin rajista na jami'ar. Shekara goma sha takwas yana ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan. A nan ya fara ganin injin kwafi. Ba wanda ya koya masa, tsayawa kawai yake yi a bayan sakatariya yana kallon hannunta. Da aka tashi rage ma'aikata sai sunansa ya fito a ciki. Bai kai ƙara ko'ina ba. Da abin sallamarsa ya sayi tsohon inji, ya kama shagon nan, ya ci gaba da gaisawa da mutanen da ya saba gaisawa da su.

Yana da wata ɗabi'a a aikinsa da kowa ya san shi da ita. Ko kwafi ɗari aka ce ya yi, guda ɗaya yake fara bugawa, ya fito bakin ƙofa inda haske yake, ya sa yatsa ya karanta tun daga sama har ƙasa, sannan ya koma ya buga sauran. Dalili kuwa, a shekararsa ta farko ya taɓa buga jadawalin jarrabawa, inji ya yanke layin ƙarshe bai lura ba, yara uku suka makara. Tun daga ranar bai ƙara yarda da inji ba sai ya gani da idonsa. Ɗalibai kan yi ta tsaki suna duba agogo, su ce lacca za su shiga. Shi kuma ya ce, "Haƙuri, Lauya," ko "Haƙuri, Injiniya," don kowa da sunan karatunsa yake kiransa tun yana ajin farko.

Da wannan karatun na bakin ƙofa Turancinsa ya ɗan yi ƙwari. Ya san sunayen ƙasusuwan hannu, ya san dalilin da siminti yake tsagewa, ya san rabin dokar haya. Mai ɗinkin littafi, maƙwabcinsa na shago na biyar, yakan ce da ana ba da digiri a kan shafin farko, da Baba Kwafi ya fi shugaban jami'a yawan takardu.

Injin ma yana da nasa halin. Da ya yi zafi sai ya riƙa jan wani baƙin layi a gefen hagu na takarda. Irin waɗannan su ne ake jefawa a kwali, duk ranar Juma'a da yamma Baba ya ɗaure su a bayan keke ya kai gida. Matarsa tela ce, kekenta na ɗinki yana ƙofar ɗaki. A bayan takardun take rubuta awon masu kawo ɗinki, da su kuma take yanka samfurin wuya da hannun riga. Lambobi ta iya su sarai, amma rubutun boko ba ta karantawa. Shekara talatin da huɗu suna tare, 'ya'ya huɗu, uku sun yi aure sun bar gida. Saura Auta, wadda take aji biyu a jami'ar nan tana karanta labarin ƙasa. Kullum da safe sai ta leƙo shagon ta gaida shi ko da tana tare da ƙawaye, abin da yake yi masa daɗi fiye da yadda yake nunawa.

Wata Talata da hantsi wata ɗalibar jinya ta ajin ƙarshe, wadda yake kira Likita, ta kawo takarda gaba da baya, ta ce kwafi ɗari uku take so. Tambayoyi ne na binciken kammala karatunta, za ta raba wa ɗalibai mata. Baba ya buga ɗaya ya fito bakin ƙofa.

Shafin gaba tambayoyi ne da 'yan akwatuna na eh ko a'a. Kin taɓa jin sunan ƙwayar cutar HPV? Kin san tana iya kawo sankarar bakin mahaifa? Kin san akwai rigakafi? Kin san akwai gwaji? Ya juya baya. Nan kuma ɗan bayani ne, don malamarta ta ce ba a yi wa mutane tambaya a tafi a bar su hannu wofi. An rubuta cewa ƙwayar ta yaɗu ƙwarai, ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, galibi jiki yakan kore ta da kansa, amma a wasu matan takan zauna shekaru tana ɓarna a ɓoye, gwaji ne kawai yake nuna ta da wuri. A layi na biyun ƙarshe aka ce macen da ta ga jini bayan al'adarta ta ɗauke gaba ɗaya, kada ta jira komai, ta je asibiti a duba ta.

A nan yatsansa ya tsaya.

Shi dai ba a taɓa gaya masa komai ba. Amma shekara biyu ke nan matarsa ba ta fashin salla, ya kuwa gane abin da hakan yake nufi. Sai ga shi wata uku da suka wuce ya fara lura cewa wasu ranaku dardumarta tana nan a ninke a kan ƙofa tun safe har dare. Kwana biyu, kwana uku, sannan ta ci gaba. Ya gani, ya kau da kai. A shekara talatin da huɗu irin wannan magana ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba, ko haihuwa ma sai dai a aiko a ce masa an sauka lafiya.

Yana buga sauran yana yi wa Likita tambaya a kaikaice, wai wata 'yar uwarsu ce a can nesa. Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta ce ba kowane jini ne sankara ba, sau da yawa ma ƙaramin abu ne, amma ba mai iya rabewa sai an duba, kuma jira shi ne babban haɗari. Ta ƙara da cewa abin da yake ba ta mamaki shi ne 'yan jami'a ma ba su sani ba. Cikin talatin da ta fara tambaya da baki, huɗu ne suka taɓa jin sunan. Wasu suka ce ai ciwon matan aure ne, wasu suka ce na marasa kamun kai ne, wata kuma ta ce Allah ya kiyaye ta wuce abinta. Kafin ta tafi ya roƙe ta ta bar masa kwafin farkon, ta bar masa.

Kwana uku yana neman bakin zaren. Ranar farko bayan sun ci abinci ya ce wa matarsa lafiyarta ƙalau kuwa? Ta ce lafiya lau, shi ne dai ta ga ya faɗa, ko injin ne ya sake lalacewa? Rana ta biyu ya ce yana jin mutum idan ya manyanta ya kamata ya riƙa leƙa asibiti. Ta ce gaskiya ne, ya je a duba masa gwiwar nan da yake ja. Rana ta uku ya tsare Auta a shago, ya tambaye ta ko an ba ta wata takardar tambayoyi. Ta ce an ba ta, a layin shiga ɗakin karatu ta cike ta. Ya ce me ta zaɓa? Ta ce eh ta bi ta saka wa duka, don ƙawarta ta ce in ka sa a'a sai a ɗauka ba ka waye ba. Ya ce bayan takardar fa? Ta ce au, ashe akwai rubutu a baya?

Bai yi mata faɗa ba. Ya dai daɗe yana goge gilashin inji da tsumma alhali babu ƙura a kai.

Mai ɗinkin littafi ya ga abokinsa ba daidai yake ba, ya matsa masa. Baba bai faɗi komai filla-filla ba, ya ce dai akwai maganar da yake son yi a gida, baki ya ƙi buɗewa. Mutumin ya yi dariya har allurarsa ta faɗi, ya ce tsoho da jikoki yana jin kunyar matarsa, to ya rubuta mata wasiƙa mana irin ta samari, ya fesa turare. Da wasa ya faɗa. Baba kuwa ya riƙe maganar.

Ranar Juma'a da sassafe, tun inji yana da sanyi, ya ɗora shafin bayan, ya ƙara girman rubutun, ya buga ɗaya. Ta fito fes. Ya karanta ta a bakin ƙofa kamar kullum. Da yamma ya ɗora ta a saman ɓatattun takardu ya ɗaure a keke. A ransa, Auta ce za ta gani idan tana taya uwarta jera su, ta karanta, magana ta tashi da kanta ba tare da an san da hannunsa ba.

Asabar da safe yana zaune a tsakar gida yana gyara igiyar takalminsa, Auta tana wanke-wanke, matar ta kwance ɗaurin. Ta ɗauki ta saman, ta juya ta, ta ɗaga ta sama wajen haske. Ta ɗauki ta biyu ta gwada su. Sannan ta dube shi.

"Malam, shekara ashirin da biyu kana kawo min takarda mai baƙin layi. Wannan ba layi, ba ƙuraje, rubutun ma an yi masa ƙiba. Me kake son faɗa min?"

Ya ce wai ƙila kuskure aka yi ta faɗa kwalin.

"Kai ɗin? Kai da ko rabin takarda ba ka yarwa? Auta, ɗauraye hannunki ki zo ki karanta min abin da babanki ya kasa faɗa."

Auta ta zo tana murmushi, ta fara karantawa tana mayarwa da Hausa. Tun a layi na uku murmushin ya tafi. Ta ce ai wannan bayan takardar da aka ba su ne. Uwar ta ce to madalla, ashe ta san abin da ke ciki. Auta ta sunkuyar da kai ta ce ba ta juya bayan ba. Uwar ta ce ikon Allah, shekara biyu ana kai mutum jami'a, ashe gaban takarda kaɗai ake koya musu, bayan sai a aji uku.

Da aka zo inda aka ce ta hanyar saduwa ake ɗauka, Auta ta yi ƙasa da murya kamar za ta haɗiye kalmomin. Uwar ta harari mijinta ta gefen ido ta ce wato dai daga wajen maza ake kwaso tsiyar. Baba ya ƙura wa takalminsa ido. Auta ta yi sauri ta ce an rubuta kusan kowa yana gamuwa da ita a rayuwa, mace da namiji, ba laifin kowa ba ne. Uwar ta ce ta ji, ta ci gaba.

Auta ta karanta layi na biyun ƙarshe. Ta ƙara karanta shi a zuciyarta, sannan ta ɗago ta dubi uwarta. 

Can matar ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ashe darduma kake ƙirga min."

Ta ce abin ɗan kaɗan ne, zai wuce, yayarta ma ta yi haka. Auta ta tambaya wace yayar, uwar ta kau da kai, don duk sun san shekara shida ke nan da rasuwarta, kuma har yau ba wanda ya faɗi sunan ciwon da ya kwantar da ita. Sai ta koma cewa ga ɗinkin mutane jibge, ba ta da lokacin zaman layi, kuma ita a shekarunta ba za ta je ta kwanta wani ƙato ya duba ta ba.

Baba ya ajiye takalmin. Ya ce, "Ni ban iya magana ba, kin sani. Abin da na iya ke nan, shi na kawo miki. In kin je aka ce ba komai, ki yanka hannun riga da ita."

Ta daɗe tana shafa takardar a cinyarta kamar mai gyara yadi. Sannan ta ninke ta huɗu ta sa a aljihun keken ɗinki, inda take ajiye almakashinta mai kyau. Ta ce Litinin. Amma da sharaɗi biyu: mace ce za ta duba ta, kuma da Auta za ta je, shi ya tafi shagonsa kada ya zo ya tsaya mata a kai kamar mai gadi.

Ran Litinin ya buɗe shago da wuri. A ranar ne, karo na farko tun shekarar jadawalin nan, ya buga wa wani ɗalibi kwafi arba'in bai karanta na farko ba, duka suka fito a karkace. Mai ɗinkin littafi ya leƙo zai yi tsiya, ya ga fuskarsa, ya koma ya aiko masa da shayi.

Bayan azahar Auta ta zo. Ta ce ma'aikaciyar jinya ce ta fara ganinsu, sannan likita mace. An ga wani ɗan tsiro a bakin mahaifa, an cire shi nan take, an kuma ɗebi abin gwaji. Za a aika a duba, sai bayan mako uku. Ta ce Mama ta koma gida, har ta hau keke wai tana da wuyan riga da ba ta gama ba. Ita Auta kuma an ce mata lokacin gwajinta bai yi ba tukuna, amma 'yan matan yayyenta sun isa rigakafi, ta riga ta kira iyayensu.

Mako ukun nan ba a yi maganar a gida ba. Sai dai Baba ya lura matarsa tana zuba masa abinci fiye da da, ita kuma ta lura yana dawowa kafin magariba. A jami'a kuwa Auta ta nemo Likita, ta ce a ba ta wata takardar ta sake cikewa da gaskiya. Likita ta ce ba a sakewa, amma ta gode, don yanzu ta gane dalilin da eh ta yi mata yawa, za ta kuma faɗa wa malamarta. Baba ya buga shafin bayan ya manna a bangon shago daidai inda masu jira suke tsayawa. Tunda dole ne su jira shi ya gama karatun bakin ƙofa, sai idonsu ya faɗa kai. Wasu su karanta su yi shiru, wasu su ɗauka a waya. Wata rana ya ji wata tana ce wa ƙawarta za ta tura wa mamanta.

Ranar da mako uku suka cika, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, yana tsakiyar aiki sai ya ga inuwa a ƙofa. Matarsa ce da mayafinta na fita, ambulan a hannu. Tun da ya kama shagon ba ta taɓa zuwa ba. Ta dubi fankar, ta dubi kwalin, ta ce ashe nan ne ake ƙera mata baƙin layi. Mai ɗinkin littafi ya taso ya gaishe ta har da rusunawa. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta miƙa masa ambulan ɗin ta ce an ce a yi kwafi biyu, ɗaya na fayil ɗaya na gida.

Ya so ya tambaye ta, ga ɗalibai uku a tsaye. Ya zaro takardar bai duba ba, ya kifa ta a gilashi, ya danna. Inji ya yi gurnaninsa ya turo ɗaya. Ya ɗauka ya fito bakin ƙofa, ya sa yatsa a layin farko. Kalmomin manya ne, wasu bai taɓa gamuwa da su ba duk da shekarunsa a shafin farko. Bai tsallake ko ɗaya ba. Yatsan yana sauka a hankali, har ya iso ƙasa inda aka rubuta a taƙaice cewa tsiron ba mai cutarwa ba ne, ba a ga alamar sankara ba, ta dawo a sake dubawa a ranar da aka sa mata.

Ya koma farkon layin ya sake bi. Sannan ya ce alhamdu lillahi, a hankali, kamar mai magana da takardar.

"Ni tun a can aka faɗa min," in ji ta. "Cewa na yi bari in zo in gani ko da gaske karantawa kake yi, ko yaran mutane kawai kake ɓata wa lokaci."

Ɗaliban suka yi dariya ba su san kan zancen ba. Baba ya koma ya danna na biyu. Inji ya riga ya yi zafi, sai ga ta ta fito da baƙin layinta a gefen hagu. Ya kai hannu zai jefa a kwali ya sake wata, ta riƙe hannun rigarsa. Ta ce ya bar ta, wannan ita ce ta gida, irinta ta saba da ita. Ta ninke ta ta sa a jaka, ta ce ya taho da zare baƙi idan zai dawo, ta fita.

Ya tsaya yana kallon ta har ta wuce ɗakin masu gadi. Wani dogon yaro da ya daɗe da takarda a hannu ya ce, Baba, lacca fa. Baba ya karɓa, ya buga ɗaya, ya nufi bakin ƙofa.

"Haƙuri, Injiniya," ya ce.